Kwaɗo biyu a ƙofar shagon Kawu

Ƙarshen 2019 Kawu ya turo min wani hoto ta WhatsApp daga Kumasi ta ƙasar Ghana, ƙofar shagonsa ce a rufe da kwaɗo biyu, nasa na ƙasa wanda na sani ɗan baƙi da ya fara tsatsa, sai wani sabo fil mai ruwan zinare a samansa wanda ba shi ya sa ba kuma makullin ba ya hannunsa. Caja yake saidawa da batir da gilashin waya da irin ƙananan kayan nan, ya fi shekara goma a wurin, haya yana biya haraji yana biya, duk rasit ɗinsa suna cikin wata jakar leda da yake ajiyewa a ƙarƙashin kanta. Da dare ya kira ni, muryarsa duk ta dishe, yace ɗana kai da ka yi boko ka faɗa min, ashe ba ECOWAS muke ba? Ba an ce duk ɗan Afirka ta Yamma zai iya zama ya nemi abincinsa inda yake so ba? Nace Kawu haka aka ce, ka bani lokaci in duba.

Wallahi abun da na gano ya daɗe yana damuna, shi yasa nake rubuta wannan, don na san akwai mutanenmu da yawa da ke jin an sa hannu a yarjejeniya kaza a rediyo sai su ɗauka ƙofa ta buɗe kenan, su tattara jarinsu su tsallaka boda.

A wancan lokacin Ghana na da dokar zuba jari ta 2013, wadda ake cewa doka ta 865, kuma ita aka riƙe a lokacin ana rufe shagunan baƙi a Kumasi da Accra. Dokar ta ware wasu sana'o'i tace na 'yan ƙasa ne kawai: saida kaya a cikin kasuwa ko a rumfa ko talla, aski da gyaran gashi, tasi idan motocinka basu kai 25 ba, ruwan leda, saida magani ɗai-ɗai, buga katin waya, har da yin littattafan rubutu na 'yan makaranta. In kuma baƙo ya nace sai ya yi harkar saye da sayarwa, toh sai ya kawo jarin dala miliyan 1 kuma ya ɗauki ƙwararrun 'yan Ghana 20 aiki. Dala miliyan ɗaya fa. A dokar da ta gabace ta, ta 1994, dala 300,000 ne. Duk kayan shagon Kawu in ka tattara su baza su cika bayan a-kori-kura ɗaya ba, kuma yaro ɗaya ne ke taya shi.

Da farko na ɗauka wannan karya alƙawari ne tsagwaronsa. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS da aka yi a Dakar a 1979 matakai uku ta tsara, na farko shiga ba biza har kwana 90, na biyu zama, na uku kafa sana'a. Na ukun a 1990 aka ƙulla shi a Banjul, kuma ƙarara yace kowace ƙasa ta ɗauki ɗan wata ƙasar ƙungiyar kamar nata ba bambanci wajen kafa sana'a da hidima. Na ji daɗi da na karanta wannan layin har na kusa kiran Kawu, sai na ci gaba zuwa layin da ke binsa, shi kuma yace idan a wata sana'a ƙasa ta ga baza ta iya ba, sai ta sanar da sakatariyar ƙungiyar a rubuce, sauran ƙasashe kuma an sauke musu nauyin yi wa 'yan ƙasarta adalcin. Na gaba da shi ya ƙara da cewa za a iya bambanta baƙo saboda tsaro ko zaman lafiya ko lafiyar jama'a. Kaga kenan ita kanta takardar da muke taƙama da ita da hannun dama ta bayar ta kuma ajiye hanyar karɓewa da hagu, kuma ba a ɓoye aka yi ba, a rubuce yake kowa ya sa hannu yana gani.

Daga nan ne na koma kan ta duniya gaba ɗaya, sai na tarar ashe haka ginin yake tun daga tushe. Kungiyar ciniki ta duniya WTO, wadda Ngozi Okonjo-Iweala ke shugabanta tun 2021, tana da yarjejeniya kan ayyukan hidima da ake kira GATS, ta fara aiki 1995, Najeriya da Ghana duk suna ciki tun ranar farko. Hidima anan ana nufin abun da ake biyan kuɗi a kai amma ba a loda shi a mota, banki, inshora, sadarwa, sufuri, aikin likita da lauya, koyarwa, har da shi kansa zaman shago ana rarraba kaya. Sun ce hanya huɗu hidima ke tsallaka ƙasa. Ko ita kaɗai ta tsallako kamar likita a Indiya ya duba hoton ƙirjinka ta intanet, ko kai ka je ka same ta kamar masu zuwa asibiti Masar da ɗaliban da suka yi karatu a Sudan, ko kamfani ya zo ya kafa reshe kamar yadda MTN ta zo daga Afirka ta Kudu ta fara aiki a Najeriya a 2001, ko kuma mutum ya zo da ƙafarsa ya yi aikin ya koma. Ta ukun nan ita ce zuba jari, kuma a kanta da ta huɗu ake yawan ja-in-ja.

Inda abun yake shine kowace ƙasa da kanta take rubuta jadawalinta, wato jerin fannonin da ta yarda ta buɗe wa baƙi. Fannoni manya 12 ne, ƙanana wajen 160, sai ƙasa ta zaɓi waɗanda ta ga dama ta saka, wanda bata saka ba babu wanda zai tuhume ta a kai ko ta rufe shi ruf. Wanda ta saka ɗin ma a gaban kowace hanya cikin huɗun nan tana da zaɓi, ta rubuta babu wani shinge, ko ta rubuta ban ɗaure kaina ba, ko ta lissafa sharuɗɗanta. Kuma sashe na 16 na GATS ya jero irin shingayen guda shida da ƙasa za ta iya riƙewa matuƙar ta rubuta su: ta ƙayyade yawan kamfanonin da za su shigo, ko jimillar kuɗin harkar, ko yawan aikin da za a yi, ko yawan ma'aikatan da za a ɗauka, ko tace dole sai da wane irin kamfani ko sai ka haɗa gwiwa da ɗan ƙasa, ko ta yanke kason hannun jarin da baƙo zai iya mallaka. Sashe na 17 kuma shine na ɗaukar baƙo kamar ɗan gida, shi ma kana iya rubuta banda wajen mallakar fili, banda tallafin gwamnati, ya zauna. Kamar mai gida ne ya ba da hayar gidansa amma tun a gaban shaidu yace ɗakin nan da rijiyar nan ban sa su a ciki ba, in ka shiga ka tarar da ɗakin a kulle ba wanda za ka kai ƙara.

Abun da ka rubuta kuwa yana kama ka, ko kai waye. Ƙaramar ƙasa Antigua da Barbuda ta kai Amurka ƙara gaban WTO a 2003 kan hana cacar intanet, Amurka tace ita bata taɓa nufin buɗe caca ba, masu shari'a suka duba jadawalinta suka ce layin da kika rubuta na ayyukan nishaɗi ya haɗa da ita, a 2007 aka ba Antigua damar ramawa har dala miliyan 21 a shekara. Ba cacar ce ta dame ni ba, Allah ya tsare mu da ita, abun da ya tsaya min shine layi ɗaya a jadawali ya fi duk jawabin da shugabanni ke yi a wajen bikin sa hannu nauyi.

Toh yanzu gaskiya ɗaya ce, kafin mu zagi Ghana mu duba gida. A 1972 gwamnatin Gowon ta yi dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa, ta ware sana'o'i ciki har da ƙananan shaguna da gyaran gashi da gidan burodi tace na 'yan Najeriya ne, aka ƙara tsaurara ta a 1977, sai 1995 aka sassauta aka yarda baƙo ya mallaki kamfani ɗari bisa ɗari a yawancin fannoni. Har yau muna da dokar 2003 da ta keɓe jigilar jiragen ruwa a gaɓar tekunmu ga 'yan ƙasa, da dokar 2010 ta fifita 'yan gida a harkar mai da gas, kuma kamfani baya kawo ma'aikata daga waje sai an yanka masa adadi. Sannan a daidai lokacin da ake sa wa Kawu kwaɗo, mu mun rufe bodojinmu na ƙasa tun Agustan 2019, sai Disambar 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum, motocin 'yan kasuwar Ghana da yawa sun maƙale da kaya a hanya, kuma Kawu yace maƙwabtansa a kasuwa da wannan suke masa gori kullum. In aka koma baya ma akwai tabon 1969 da gwamnatin Busia ta kori baƙi, da na 1983 da gwamnatin Shagari ta rama. Tsofaffin zango basu manta ba.

Ni a ra'ayina ƙasa na da haƙƙin kare ƙananan 'yan kasuwarta, ban ga laifin wannan ba, matar da ke da tebur ɗaya a kasuwar Kejetia ta Kumasi ita ma 'ya'ya take ciyarwa kuma in aka sake ta da manyan masu kwantena daga ƙasashen nesa cinye ta za su yi. Abun da ke min ciwo shine awon da aka yi. Shingen dala miliyan 1 baya tare mai kuɗi, tsallakewa yake ko a jikinsa. Bankunanmu irin su Zenith da UBA da Access suna nan da rassansu a Accra, suna da jari suna da lauyoyi masu karanta jadawali layi-layi. Wanda shingen ke kamawa shine irin Kawu, wanda kakanninsa tun zamanin fataucin goro suke bin hanyar Gwanja da jakuna kafin a san wani abu wai shi fasfo, wanda a zangon Kumasi da Hausa ake masa sannu da zuwa. An ɗauki mutumin da ya zo daga maƙwabta da jarin buhu biyu an ɗora shi a sikeli ɗaya da kamfanin da ya zo daga wata nahiya.

Da aka fara maganar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka, AfCFTA, wadda aka ƙulla a Kigali a 2018, Buhari ya sa hannu a Yamai a Yulin 2019, aka ce ciniki ya fara 1 ga Janairun 2021, kuma hedikwatarta a Accra ɗin ma take, Kawu ya sake kirana da murna yace ɗana wannan karon fa an ce Afirka duka kasuwa ɗaya ce. Ban ji daɗin amsar da na ba shi ba amma dole in faɗa masa. Ita ma salon jadawalin nan ta bi, kowa ya rubuta abun da ya yarda ya buɗe, kuma fannoni biyar aka sa a gaba a zagayen farko, hidimar kasuwanci irin ta ƙwararru, sadarwa, harkar kuɗi, yawon buɗe ido da sufuri. Zaman shago ana saida caja baya cikin biyar ɗin. Yayi shiru can yace, toh su waye suke zuwa wajen zaman nan, akwai ɗan kasuwa irina a ciki?

Wannan tambayar tasa ita ce ta fi tsaya min a rai. Masu zuwa tattaunawa suna tafiya da buƙatun waɗanda suka iya kai musu buƙata a rubuce, bankuna da kamfanonin sadarwa da na jiragen sama. Ƙungiyoyin kasuwanninmu, na Kantin Kwari da Singa da Farm Center da sauransu, suna da yawan mutane da kuɗin da za su iya ɗaukar lauya ɗaya ya zauna ya karanta musu takardun nan, su rubuta wa ma'aikatar ciniki cewa in an zauna da Ghana a nemi a cire ɗan ECOWAS daga sharaɗin dala miliyan 1, ko a yanka masa wani adadi da ɗan adam zai iya, mu ma mu ba nasu irin wannan a nan. A Satumbar 2020 Femi Gbajabiamila, lokacin yana kakakin majalisar wakilai, ya je Accra ya zauna da takwaransa Mike Oquaye kan wannan rikicin, kenan magana ce da ake iya zama a kanta in an matsa.

Shagon Kawu ya yi wata da watanni a rufe, batura da yawa suka kumbura a ciki saboda zafi. Wasu sun ba shi shawara ya sa sunan wani ɗan uwanmu haifaffen zango mai katin ɗan ƙasa a takardun, yace a'a, dokar ta hana wannan ma kuma baya son ya jefa yaron mutane cikin matsala. Da aka buɗe masa ya kwashe abun da ya rage ya saida a kan asara ya dawo Kano, yanzu yana da ɗan teburi a bakin wani shagon abokinsa. Jakar ledar rasit ɗin nan ya taho da ita, ranar da na je gaishe shi ya ɗauko ya zazzage min su a kan tabarma, na haya daban na haraji daban, kowace shekara an ɗaure ta da roba.