Tafiyata Gombe da Abin da Na Ji Game da Ƙwayar Haukan Kare

Da hantsi muka bar Bauchi, ni da tsohon malamina, likitan dabbobi, domin sauraron laccar wata 'yar Gombe da ta dawo daga karatun ilimin ƙwaƙwalwa a ƙasar waje. Muna haye gadar Dindima ya shiga ba ni labarin shekarun da ya yi yana yi wa karnuka allurar rigakafin hauka da ake kawowa daga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, har muka wuce Alkaleri bai saki zancen ba. Ya ce mugun halin ƙwayar cutar shi ne jijiya take bi tun daga wurin cizo, tana tsallakawa daga wata zuwa wata har ta isa ƙwaƙwalwa.

Wannan halin, in ji mai laccar, shi ne masu bincike suka mayar kayan aiki. A shekarar 2007, a cibiyar Salk da ke Amurka, an cire wa ƙwayar sinadarin gadon da take ƙera rigarta da shi, aka sa mata wani mai ƙyallin haske, aka tsara ta yadda tsallake ɗaya kawai za ta yi a ƙwaƙwalwar ɓera. Duk jijiyar da ke aika saƙo kai tsaye zuwa wadda aka zaɓa sai ta haska. Da aka nuna hoton a bango, na ga Malam ya gyara zama, kuma ni ma abin ya ratsa ni ƙwarai, domin na san gidajen da cutar ta yi wa ɓarna.

Ta kuma yi bayanin AAV, ƙaramar ƙwaya da aka gano a 1965, wadda aka daɗe ana ɗauka ba ta haddasa cuta. Ana amfani da ita wajen kai sinadarin gado cikin jiki; wanda take iya ɗauka kaɗan ne, amma da ita aka yi maganin Zolgensma da Amurka ta amince da shi a 2019 domin yara masu shanyewar tsoka ta gado.

Malam ya ɗaga hannu ya ce, "Dakta, za mu iya wannan aikin a nan?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibai masu basira muna da su. Amma ana adana ƙwayoyin a sanyin da ya kai digiri 80 ƙasa da sifili, saboda haka sai an fara samun firiza da wutar da ba ta yankewa, da ɗakin gwaji mai tsaro."

Muna fita Malam ya nemi takarda, ya fara lissafin kuɗin sola da batura.