Ranar da ankon Hajiya ya koma shuɗi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sana'ar ɗaukar hoto a Kano, ina da ƙaramin shago da yara biyu masu koyon aiki a hannuna. Yawancin aikinmu biki ne da suna da walimar sauka, sai hoton fasfo da ke riƙe mana kuɗin cefane a lokacin da babu sha'ani. Ba a cika dawo mini da aiki don hoto ya yi dishi-dishi ba. Abin da ke dawo da mutum shago da albam a hannu, kusan kullum launi ne.

Wata rana uwar amarya ta shigo, albam a hannu ɗaya, ƙyallen leshi a ɗayan. Ta shimfiɗa ƙyallen a kan hoton ta ce, "Ɗan nan, dubi wannan, ka dubi wannan. Sati uku muna zarya a Kantin Kwari kafin mu samu shunayyar da ta yi wa kowa. Ina ta shiga?" Na duba, ankon ƙawaye da na dangi duk ya koma shuɗi. Na ce, "Hajiya, gaskiyarki ce. Ki bar mini ƙyallen nan, ki ba ni kwana uku."

Da ta fita na zaunar da yaran, muka fara bin sawun hoton tun daga ɗakin taro. Haske iri uku ne a wurin ranar dina: fararen fitilun sama, ƙananan ƙwayaye masu ruwan ɗorawa da masu ado suka zagaye kujerar amarya da su, sai filashata. Idon mutum yana gyara wa kansa, farar riga fara yake ganinta ko a hasken aci-bal-bal ko da tsakar rana. Kyamara kuwa sai an gaya mata mene ne fari, ko ta yi hasashe. Ana auna launin haske da ma'aunin Kelbin: tsohon ƙwan fitila mai zare yana wajen 3,000, hasken rana da na filasha wajen 5,500, inuwa kuma takan kai 7,000 ko sama. A ranar na bar kyamara ta zaɓa da kanta. Ta ga ruwan ɗorawa ya cika bayan amarya, sai ta zuba shuɗi don ta kashe shi. Ita kuwa shunayya haɗin ja da shuɗi ce, da zarar jan ya ragu kaɗan, shi ke nan ta tafi. Ga fitilun LED masu araha, da ma jan da ke cikin haskensu bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya cece ni shi ne, cikin nau'o'in fayil biyu da kyamara ke ajiye hoto da su, JPEG da RAW, da RAW nake ɗauka. JPEG hoto ne da kyamara ta riga ta dafa, ta sa gishirinta, kowane launi cikin ja da kore da shuɗi mataki 256 kawai gare shi, idan ka ja shi da ƙarfi sai fuska ta yi dabbare-dabbare. RAW ɗanyen kaya ne, a kyamarata mataki 16,384 ne ga kowane ɗigo, kuma daidaita fari bai zauna a jikinsa ba, kana iya canza shi a Lightroom, manhajar gyaran hoto, kamar a lokacin kake ɗauka.

A nan akwai tarkon da ya sha kama ni a baya. Manhajar tana da ɗan tsinke da ake dangwala wa abu fari ko ruwan toka, sai ta daidaita sauran launuka a kansa. Hannu yakan tafi kai tsaye kan babbar rigar ango. To, farar shaddarmu ba fara ba ce tsantsa. Mai wanki ya sa mata bula, ko kuma tun daga masaƙa an sa mata sinadarin da ke sa ta ƙyalli da ɗan shuɗi-shuɗi. Ka dangwale ta, manhaja ta ɗauka hasken ne ya yi shuɗi, ta mayar da fuskar kowa ruwan goro. Shi ya sa yanzu kati mai ruwan toka ba ya barin jakata. Kafin a fara, sai yaro ya riƙe shi a daidai inda amarya za ta zauna, in ɗauka sau ɗaya, in an sauya wuri in sake.

Tambayar da ta hana ni barci a daren ita ce: ta yaya na gyara hoto sama da ɗari ban ga shuɗin nan ba? Da safe na buɗe hoton a kwamfutar shago, sai ga leshi ya kusa daidai da ƙyallen. Na tura shi wayata, ya koma shuɗi. Ashe ƙaramin yarona ne ya kunna wa allon yanayin dare na Windows, wanda ke rage shuɗin haske don ido ya huta, saboda yakan kai ƙarfe ɗaya yana tantance hotuna. Ya saita shi a kunne dare da rana. Allon yana rage shuɗi, ni kuma ina ganin komai lafiya. Da ya gane, jikinsa ya yi sanyi, ya ce, "Oga, wallahi ban san yana taɓa aiki ba." Ban yi masa faɗa ba, domin ban taɓa koya masa ba. A watan na sayi na'urar Spyder, wadda ake ratayawa a fuskar allo ta auna launukansa ta gyara. Muna saita fari a Kelbin 6,500, mu daidaita hasken allon, kuma muna maimaitawa duk wata. Na sa labule mai kauri a tagar da ke kallon allon. Allo mai haske fiye da kima shi ne ke sa hoto ya fito da duhu a takarda, mutum ya yi ta zargin masu wankin hoto.

Wani ciwon da ke kama da wannan, amma tushensa daban, shi ne hoto ya koɗe gaba ɗaya: jan lalle ya yi fari-fari, jan baki ya mutu, koren ganye ya zama kamar an wanke. Yawanci rikicin sRGB da Adobe RGB ne, wato tsare-tsare biyu na rubuta launi da lambobi a cikin fayil. Kamfanonin HP da Microsoft suka fito da sRGB a 1996, kuma shi ne yaren da waya da intanet da mafi yawan injinan wankin hoto suke ji. Adobe RGB na 1998 ya fi shi faɗi, musamman ta wajen kore, amma idan na'ura ta karanta lambobinsa a matsayin sRGB sai launi ya dushe. Alamar gane shi mai sauƙi ce: idan sunan fayil daga kyamara ya fara da ɗan layi a ƙasa, kamar _MG a Canon ko _DSC a Nikon, to a Adobe RGB kyamarar take. Duk abin da zai bar shagona, zuwa wanki ko zuwa WhatsApp, a sRGB nake fitar da shi.

Abokan sana'a kan kira ni su ce hoto ya yi kyau a bayan kyamara, da sun buɗe shi a Lightroom sai ya canza a gaban idonsu. Babu abin da ya lalace. Abin da suka fara gani ƙaramin JPEG ne da ke cikin fayil ɗin, daga baya manhaja ta ɗora nata fassarar. Akwai jerin salon launi masu kwaikwayon na kyamara, a zaɓi ɗaya daga ciki. Ratsi-ratsin kore da ruwan hoda a hoton cikin ɗaki kuwa, ƙiftawar fitila ce. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka ɗaya bisa 50 ko ɗaya bisa 100 na daƙiƙa nake sa gudun ɗauka, kodayake in an koma janareta sai an gwada an duba.

Inda na fi daɗewa a kowane hoto fata ce. Baƙar fata tana ɗaukar launin abin da ke kusa da ita sosai: jar rumfa ta mayar da goshi ja, koriyar fitila ta sa mutum ya yi toka-toka kamar mai jinya. Wasu sukan ce in ƙara musu haske, nakan haska fuskar, amma ba na yarda in kai ta inda mahaifiyar yarinya za ta kalli hoto ta ga baƙuwa.

Rana ta uku na sake wanke albam ɗin da kuɗina. Kafin nan na buga shafi ɗaya na gwaji har sau biyu, ina fita da shi bakin ƙofa ina haɗawa da ƙyallen a hasken hantsi. Hajiya ta zo bayan la'asar, ita ma ƙofa ta nufa da shi, ta ɗora leshin a kan hoton ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Yanzu na ga kayana. Allah ya yi albarka." Ƙyallen ta bar mini. Tun daga lokacin, duk wanda ya zo ba ni aikin biki nakan ce ya taho da guntun anko tare da kuɗin kafin alƙalami, in maƙala masa takarda da ranar bikin, in ajiye a aljihun teburin da kwamfuta take kai.