Ciwon da ba a rubuta ba, alƙali ba ya ganin sa

Ni tela ne, da ƙafar dama nake cin abinci. A azumin 2019, saura kwana goma Sallah, na taso daga Kantin Kwari da ɗaurin yadi a bayan babur, motar rabon kaya ta wani kamfani ta kwashe ni daga gefe. Ƙashin ƙaurina ya karye biyu. Direban ne da laifi, kowa ya gani, 'yan sanda sun zana wurin. Duk da haka abin da na samu daga ƙarshe bai kai kuɗin keken ɗinki ba, kuma ni na jawo wa kaina. Shi ya sa nake ba ku labarin, ƙannena.

An kai ni asibiti, aka buɗe mini kati, aka yi hoton ƙashi. Likita ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe. Baffana yana jin kalmar aiki ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, waɗannan yanke ƙafa suke yi, tashi mu tafi wurin mai ɗori." Aka miƙo wata takarda da ke cewa na fita da kaina ba da yardar likita ba, na sa hannu ko karantawa ban yi ba. Hoton ƙashin kuwa a mota muka manta shi.

Ba zagin masu ɗori nake yi ba, na ga waɗanda suka miƙe a hannunsu. Amma mai ɗori ba ya rubutu. Wata huɗu ina kwance a zaure, ƙafa ɗaure da kara da tsumma, ana shafa man shanu, babu ko layi ɗaya a takarda da ya ce ga halin da ƙashin yake ciki yau, ga yadda ya koma bayan mako biyu. Da aka kwance, ƙafar ta haɗe a karkace, ta fi 'yar'uwarta gajarta. Sai a lokacin na je Asibitin Ƙashi na Dala, aka sake hoto, aka gaya mini gaskiyar da likitan farko ya gaya mini.

Da na je wurin lauya, ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Malam, ina takardunka?" Na ɗaga wando na nuna masa ƙafar. Ya girgiza kai. Ya ce ko a shari'ar Musulunci hujja tana kan mai da'awa, a babbar kotu ma haka take. Diyya iri biyu ce. Akwai wadda alƙali ke ƙiyastawa saboda zafin ciwo da naƙasa. Akwai kuma ta abin da ka kashe da wanda ka yi asara, ita kuwa sai ka jera ta kwabo-kwabo a takardar ƙara, ka kawo shaidar kowane ɗaya. Ni rasit ɗaya ban ajiye ba. Na kemis, na allura, na motar da ta riƙa kai ni, duk sun bi shara. Ko ɗinkin Sallar da na mayar wa mutane da kuɗinsu ban iya nunawa ba, domin awo a bayan kwali nake rubutawa in yar.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da lauyan kamfanin ya tsare ni da tambayoyi. Mutum ne mai sanyin murya, ko ɗaga ta bai yi ba. Ya ɗauko takardar nan da na sa wa hannu, ya tambaye ni ko hannuna ne. Na ce nawa ne. Ya ce likita ya ba ni shawarar aiki? Na ce ya bayar. Ya ce to, karkacewar ƙafar nan, motarsu ce ta yi ta ko ɗorin da na zaɓa da kaina? Kafin in haɗiye yawu ya ƙara da cewa, tsakanin ranar haɗari da hoton Dala wata biyar ne, wa zai rantse ban sake faɗuwa ba a ciki? Ban faɗi ba, Allah ya sani. Amma ba ni da abin da zan cike wannan giɓi da shi. A nan shari'ar ta karye, kamar ƙafar.

Abin da kotu ke nema sarƙa ce da ba ta tsinke ba: katin ranar farko, hoton ranar farko, kowace komawa asibiti da kwanan watanta, sai rahoton likitan da ya duba ku. Rahoton ma kada ya tsaya a "ya ji ciwo". Ya faɗi wane ƙashi ne, gwiwa tana lanƙwasuwa zuwa ina, santimita nawa ƙafa ta ragu, naƙasar ta dindindin ce ko za ta wuce, da aikin da ba za ku ƙara iyawa ba. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda a ji ra'ayin ƙwararre, saboda haka a yi ƙoƙari likitan ya zo da kansa ya tsaya a tambaye shi. Idan takardar asibitin gwamnati ce kuma kwafi za ku kai, a buga masa hatimin tabbatarwa.

Kada kunya ko jarumta ta sa ku ce wa likita "da sauƙi" alhali wuya na riƙe, kai na juyawa. Mu Hausawa ko muna mutuwa da sauƙi muke cewa, shi kuwa abin da kuka faɗa zai rubuta, ciwon da ya fito bayan wata uku a ce ba na haɗarin ba ne. Kuma kada ku zauna jiran takardar 'yan sanda kafin ku nemi magani, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar gaggawa.

Lokaci ma yana ci. In motar gwamnati ce ta buge ku, dokar da ke kare ma'aikatan gwamnati wata 3 ta ba da a shigar da ƙara, don haka a ga lauya tun ana jinya. A ɗauki lambar mota da hoton takardar inshorarta a waya. In wani ya zo dubiya da takardar sa hannu a ambulan da biro, ku karɓi gaisuwar, ku bar biron a aljihunsa sai lauya ya karanta takardar.

Sulhu muka yi a ƙarshe, lauyana ya ce in karɓa tun akwai abin karɓa. Na cika da bashi na sayi keke mai lantarki, domin ƙafar ba ta iya taka feda fiye da rabin awa. A durowarsa akwai wata jakar leda, rasit ɗin ƙwayar ciwon kai ma a ciki nake jefawa.