Laraba, kwana tara kafin jarrabawa

Yau zafin Damagaram ya haura digiri 42, kuma duk wanda ka gamu da shi a harabar jami'a da kaye, wato littafin rubutu, a hannu wurin zama yake nema. Na zagaya tun safe, ga abin da na gani: wuri ɗaya ba ya yi wa mutum karatun yini guda. Rana da jadawalin darussa su ke nuna inda za a zauna.

Daga sallar asuba zuwa ƙarfe 8 ko'ina na da daɗi. Iska na da sanyi, 'yan kabu-kabu ba su cika bakin ƙofa ba, resto, wurin cin abincin ɗalibai, bai fara hayaniya ba. Darasin da ya fi wuya shi ya cancanci wannan lokaci, musamman wanda makinsa ke rawa a kan 10 bisa 20, don shi ke kai ɗalibi jarrabawar ramuwa. Tabarma da gindin dogon yaro sun isa.

Ƙarfe 9 sai a koma yamma da gini. Bayan azahar a dawo gabas da shi. Mutane da yawa na yin kuskuren zama jikin bangon yamma bayan magariba don sun ga rana ta faɗi, alhali bangon ya sha wuta tun ƙarfe 2, sai ya yi ta huci har tsakar dare kamar tanderu. Wani abin da ba kowa ya lura da shi ba: daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana a nan takan karkata arewa da tsakar rana, don haka ɗan siririn inuwar da ke akwai ƙarfe 12 a bangon kudu take.

Tsakiyar yini dole a shiga ɗaki. Ɗakin karatu shi ne na farko, amma kujerun da ke ƙarƙashin fanka da kusa da wurin cajin waya sukan ƙare da wuri. Aji da babu kowa ya fi amfi, wato babban zauren lacca, domin amfi na maimaita sauti, mutum biyu na hira a baya kamar a kunnenka. A duba jadawalin da aka liƙa, a tambayi delege, wakilin ɗaliban aji, ko malami ya sauya lokaci, sannan a gaida mai gadi da ladabi: "Baba, ina wuni? Wane aji ne ba kowa har la'asar?" Ya fi kowa sani. A zaɓi mai rufin siminti da tagogi a ɓangare biyu. Mai rufin kwano, in kuran, wato wutar lantarki, ta ɗauke, minti ashirin ba ka yi.

Ruwa a zo da shi daga gida, aƙalla lita biyu, a naɗe gorar da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye inda iska ke bi. Ciwon kan la'asar yawanci ƙishirwa ce.

Hayaniyar da ta fi ɓata karatu ta abokai ce. Masu haddace darasi da ƙarfi suna kai-komo su nemi fili can gefe, masu lissafi a allo su ɗauki aji guda su kaɗai. In an haɗa su da mai karatun zuci, kowa ya yi asara. Inda aka ɗora butar shayi kuwa fada ta kafu, kada ka ce za ka zauna "na ɗan lokaci". Masallaci na da natsuwa, sai dai wurin ibada ne, bai dace a baza takardu a sahu ba.

Darussan da ke cikin waya gara a buga su a takarda. Buɗe WhatsApp don duba shafi ɗaya na cinye rabin awa.

Da dare fitilu masu aiki da hasken rana sun fi aminci don ba ruwansu da ɗaukewar wuta. Da zarar ruwan farko ya sauka ƙwari da sauro za su mamaye gindinsu, sai a ja tabarma taku biyar baya, a sa riga mai dogon hannu. 'Yan mata su zauna su uku ko huɗu, kusa da masauki, su tashi tare.