Abin da garejojin Maradi suka koya mini game da ruwan ƙasa

Baƙin mai ba ya ɓacewa don an zubar da shi. Rairayin Maradi yana shanye shi nan take, yaron gareji ya watsa ƙasa a kai, gobe wurin ya bushe. Aikina shi ne bin sawun abin da ya nutse: baƙin man da aka juye daga inji, esansin da ake wanke ƙarafa da shi, gazuwal, da ruwan tsohon batir mai ɗauke da dalma.

Abu na farko, garin nan ba ɗaya ba ne ta ƙarƙashi. Tsohon Maradi a cikin fadama yake, sai da ambaliyar 1945 ta ci shi aka hau tudu. A kan tudu ruwa yana da nisa, mai zai daɗe yana ratsa ƙasa kafin ya same shi. Amma in ka gangara wajen Gulbi, inda masu lambu ke haƙa rijiya su tarar da ruwa kusa, garejin da ke can ya fi tayar mini da hankali ko da ƙarami ne.

Rijiyar bincike, wato siririyar rijiya mai bututu da ake haƙawa don auna ruwan ƙasa, guda ɗaya ba ta nuna inda ruwa ya dosa. Sai an yi aƙalla uku, a auna tsayin ruwa a kowace, sannan a san ta ina yake gangarawa. Ɗaya kuma dole ta kasance a sama da garejin, don a san yadda ruwan yake kafin ya iso. In ba haka ba, za a ɗora wa makanike laifin da ya taso daga wani wuri.

To amma a ina za a haƙa? A nan ne na fi ƙaruwa, kuma ba a makaranta ba. Na je wani gareji da taswira a hannu, ina duban inda ƙasa ta yi baƙi. Maigidan wurin, dattijo ne, yana zaune a kan tsohuwar taya yana goge hannu da tsumma. Na ce, "Baba, nan ne kuke juye mai?" Ya ce, "Ɗana, wannan na bana ne. Zo ka gani." Ya kai ni bayan shago, inda yanzu mai shayi ya kafa teburinsa. Can ne, in ji shi, tsohon ramin yake, shekara da shekaru ana zuba mai kafin a cike shi. Da muka huda wurin, rairayin da ya fito daga ƙasa toka-toka ne, yana maiƙo a yatsa, warin gazuwal ya cika hanci. Tun daga nan ba na sa alamar rijiya sai na zauna da wanda ya fi kowa daɗewa a wurin. Kuma in ka zo musu da fuskar mai cin tara, ba wanda zai nuna maka komai.

Esansi da gazuwal suna tasowa saman ruwa. Saboda haka ramukan da ruwa ke shiga ta cikinsu a jikin bututun rijiyar sai sun kama daidai inda saman ruwan yake, har da ɗan rata, domin yana hawa bayan damina, yana sauka da bazara. Wanda ya nutsa bututu can ƙasa zai ɗebo ruwa garau ya ce lafiya lau, alhali man yana kwance a samansa. Awon watan Afrilu kaɗai ma bai isa ba, sai an sake bayan ruwan Agusta ya wanko abin da ya maƙale a cikin ƙasa.

Ɗibar ruwan kanta sai da natsuwa. A fara fitar da wanda ya kwana cikin bututu, a cika ƴar kwalbar gilashi har baki, a kifa ta a duba: ko kumfar iska ɗaya aka gani, a zubar a sake. Sinadarin benzin da ke cikin esansi yana tserewa cikin iska, ga zafin Maradi, don haka kwalba ba ta rabuwa da ƙanƙara har ta isa ɗakin gwaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar benzin a maikurogiram 10 cikin lita (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), dalma ma 10. Ido ba ya ganin wannan. Mutanen Tibiri, kusa da Maradi, sun san haka fiye da kowa, tunda ruwa mai kyan gani ne, mai yawan sinadarin fuloraid, ya lanƙwasa ƙasusuwan ƴaƴansu.

Abin da ya fi damuna yanzu ba a cikin garejin yake ba. Ana sayen baƙin mai a shafa wa katako saboda gara, wasu kuma su tuttula shi cikin salga don kashe wari da sauro. Ramin salga ya riga ya rage masa tafiya zuwa ruwa, kuma a gidaje da yawa rijiya tana nan kusa. Makanikan da na yi magana da su ba su ƙi shawarar a yi dandamalin siminti na juye mai da duro mai murfi na tara shi ba. Tambayarsu ɗaya ce, in duron ya cika wa zai zo ya ɗauka, kuma ina za a kai shi.