Kansar ƙoda da maikuro-RNA: a kula da samfurin jini

'Yan'uwa masu bincike a Abuja, aikin auna maikuro-RNA don neman alamar kansar ƙoda yakan lalace tun wajen ɗibar jini.

Maikuro-RNA (miR a taƙaice) gutsattsarin RNA ne, wato sinadarin da ke ɗaukar saƙon ƙwayar gado, tsawonsu kusan harafi 22, ba sa gina furotin, sai dai su manne wa saƙon ƙwayar gado su rufe masa baki. Ganowarsu ce ta ba Victor Ambros da Gary Ruvkun kyautar Nobel a 2024.

A nau'in kansar ƙoda da ya fi yawa, ƙwayar gadon VHL ce ke lalacewa. Furotin HIF, wanda VHL ke kawarwa idan akwai iskar oksijin, ya taru, tantani (ƙwayar halittar jiki) ya ɗauka iskar ta yanke masa, sai miR-210 ya hau. miR-21 ma yana hawa ya danne PTEN, mai taka wa tantani birki. miR-141 kuwa sauka yake yi.

To, ga inda ake tuntuɓe. A ɗebi jini a kwalbar EDTA, ba ta hefarin ba: dukansu suna hana jini daskarewa, amma hefarin yana hana PCR, gwajin da ake auna maikuro-RNA da shi, aiki. A raba ruwan jinin cikin awa 2. In ya yi ja-ja, jajayen ƙwayoyi sun fashe, sun zubo da miR-451a da miR-16, lissafi ya gurɓata. A zubar kawai. Ajiya a sanyin digiri -80 na Celsius, kuma firizar da wuta ke ɗaukewa ta narke ta sake daskarewa ba abin amincewa ba ce. Wannan ya fi damuna, domin jinin amanar majinyaci ne.

Auna maikuro-RNA don gano kansar ƙoda har yanzu bincike ne. Wanda ya ga jini a fitsarinsa, hoton ciki da na CT ake yi masa.