Kujerun da na zaɓa wa falonmu a Yamai

Kujeru iri biyu ne suka ɗauke min hankali lokacin da za mu tare a sabon gida: manyan nan masu sassaƙa da ruwan zinari, irin na fada, da kuma samfurin Maroko, wato dogon benci mai katifa da ake jerawa jikin bango da matasai. Na farkon suna da kwarjini, ban musa ba. Amma falonmu ba ya rabuwa da mutane. Dangi na zuwa daga Tawa su kwana, ran suna ko Salla kuwa sai wuri ya ƙure. Kujerar sarauta mutum ɗaya take ɗauka ta cinye fili, ga ƙurar hunturu da ke maƙalewa cikin sassaƙar. Sai na tsaya kan na Maroko, da rana a zauna, da dare baƙo ya miƙe a kai.

Wajen kafinta ne na ga ainihin aikin. Ya ɗora min guntun farin katako a hannu ɗaya, ja a ɗayan, ya ce: "Hajiya, ji nauyinsu." Farin sakayau, ya fi araha, amma gara ba ta jin tausayinsa. Tare muka shiga kasuwar Katako muka zaɓi jan, busasshe, don ɗanye yana karkacewa in ya sha zafi.

Soso kam na daɗe a kansa, domin shi ake ɓoyewa ƙarƙashin yadi mai kyau. Na sa gwiwa na danne da ƙarfina: wanda ya taso nan take, kuma ya yi nauyi da na ɗaga, shi na biya ko da ya fi tsada. Mara nauyi yakan lotsa har mai zama ya riƙa jin katako.

Fatar roba na ƙi ta sam, tana manne wa jiki a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, daga baya ta fara ɓarewa. Na ɗauki yadi mai kauri, ruwan ƙasa, aka sa masa zif don in cire in wanke. Na kuma roƙi kafinta ya rage tsayin bencin saboda gwiwoyin Inna, muka ajiye mata tumtum na fata, ɗinkin dukawan Tawa, inda take kishingiɗa bayan la'asar.